Awon Maganin Feshi da Taki a Gonar Citta: Yadda Ake Juya Gram, Lita da Kashi Cikin Ɗari

Gabatarwa

Citta ita ce babban amfanin gonar da manoman Ƙaramar Hukumar Kagarko da maƙwabtansu na Kachiya, Jaba da Jama'a suke dogaro da shi wajen samun kuɗi. Iri biyu ne aka fi shukawa a wannan yanki, wato Tafin Giwa da Yatsun Biri. Daga kasuwanni irin su Kubacha, Kwoi da Kafanchan ake lodin busasshiyar citta zuwa Legas, daga can kuma zuwa ƙasashen waje.

A damunar 2023 annobar cutar fangas ta afka wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna, ta ruɓar da amfani mai yawa, irin shuka ya yi ƙaranci kuma ya yi tsada. Tun daga lokacin manoma suka ƙara mai da hankali ga magungunan jiƙa iri da na feshi. Sai dai magani, komai ingancinsa, ba ya aiki sai an auna shi daidai. Idan haɗin ya yi tsarari, cuta da ciyawa ba za su mutu ba, kuɗinka ya tafi a banza. Idan ya yi ƙarfi, yana iya ƙona shuka, ya cutar da mai feshi, ya kuma bar ragowa a cikin amfanin da za ka kai kasuwa.

Manufar wannan darasi ita ce ta koya maka karanta lambobin da ke jikin kwalba da buhu, da yadda za ka juya su daga wani ma'auni zuwa wani. Ka tanadi biro da takarda, ka bi misalan ɗaya bayan ɗaya.

1. Awon nauyi da awon cika

Awo iri biyu ne manomi yake amfani da su kullum. Na farko awon nauyi, wanda ake yi da sikeli. Na biyu awon cika, wanda ake yi da mudu, gwangwani, kwalba, jarka ko duro.

Ma'aunan nauyi:
Tan 1 = kilo 1,000
Kilo 1 = gram 1,000
Gram 1 = miligram 1,000
Miligram 1 = maikirogram 1,000

Ma'aunan cika:
Lita 1 = mililita 1,000
Mililita 1 daidai take da abin da ake rubutawa cc 1 a jikin sirinji

Mafi yawan kurakuran haɗin magani suna faruwa ne idan aka ɗauki ɗayan awon nan a matsayin ɗayan. Gwangwani ba ya auna nauyi, cika yake aunawa. Abin da ke haɗa awon biyu shi ne abin da za mu kira nauyin lita.

2. Nauyin lita

Nauyin lita shi ne nauyin da za ka samu idan ka cika mazubi mai cin lita ɗaya da wani abu ka ɗora a sikeli, bayan ka cire nauyin mazubin. Kowane abu da nasa:

Ruwa: kilo 1
Fetur: kimanin kilo 0.74
Manja: kimanin kilo 0.9
Zuma: kimanin kilo 1.4

Shi ya sa jarka mai lita 25 ta ruwa take da kilo 25, ta manja kimanin kilo 22 da rabi, ta zuma kuwa kimanin kilo 35, alhali jarkar ɗaya ce. Ruwa ne kaɗai lita ɗayansa yake daidai da kilo ɗaya, kuma mililita ɗayansa yake daidai da gram ɗaya.

A takardun kamfani ana rubuta nauyin lita ta hanyoyi daban-daban, amma duk abu ɗaya suke nufi:

1.17 g/ml = 1.17 kg/L = 1,170 g/L = 1,170 kg/m³

Wato lambar gram a mililita ita ce lambar kilo a lita. Idan kana son gram a lita, sai ka ninka ta sau 1,000.

Ƙa'idoji biyu da za ka riƙe:
Nauyi = cika × nauyin lita
Cika = nauyi ÷ nauyin lita

3. Ƙarfin magani

Abin da ke cikin kwalbar magani ba duka ne yake kashe ciyawa ko ƙwari ba. Akwai sinadari mai aiki, sauran kuwa ruwa ne ko mai ko gari da aka haɗa domin maganin ya narke, ya bazu, ya kama ganye. Ƙarfin magani shi ne nauyin sinadari mai aiki da ke cikin lita ɗaya ko kilo ɗaya na maganin.

A nan ya kamata ka lura sosai. Nauyin lita da ƙarfin magani duka ana iya rubuta su da g/L, amma tambayoyi biyu suke amsawa. Nauyin lita yana cewa: litar nan gaba ɗayanta gram nawa ce? Ƙarfin magani yana cewa: daga cikin wannan nauyi, gram nawa ne sinadari mai aiki? Ka kwatanta da kunu da aka sa wa sukari. Nauyin kofin kunun daban, nauyin sukarin da ke cikinsa daban.

4. Karanta takardar jikin magani

Kafin ka sayi magani, ka duba lambar rajistar Hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan ka nemi inda aka rubuta ƙarfinsa. Za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) g/L, wato gram a kowace lita. Ana amfani da shi ga magungunan ruwa. Haruffan EC, SC da SL duk na magungunan ruwa ne.

(b) g/kg, wato gram a kowane kilo. Na magungunan gari ne da masu ƙwaya-ƙwaya, waɗanda suke ɗauke da haruffan WP ko WG.

(c) % w/v, wato gram a kowace mililita 100. Ka ninka lambar sau 10 ka sami gram a lita. Maganin ƙwari cypermethrin mai 10% w/v yana da gram 100 a lita. Lambda-cyhalothrin mai 2.5% w/v yana da gram 25 a lita.

(d) % w/w, wato gram a kowane gram 100. Ka ninka lambar sau 10 ka sami gram a kilo. Garin mancozeb 80% WP yana da gram 800 a kilo.

Bambancin (c) da (d) harafi ɗaya ne, amma lissafinsu ba ɗaya ba ne. Idan maganin ruwa ne kuma aka rubuta w/w, ninkawa sau 10 gram a kilo zai ba ka, alhali kai da mililita kake aunawa. Dole sai nauyin lita ya shigo.

5. Juya kashi cikin ɗari zuwa gram a lita

Gram a lita = nauyin lita a gram × kashi ÷ 100

Misali na ɗaya. Maganin ciyawa glyphosate, wanda manoman citta da yawa suke fesawa wajen share gona kafin shuka, yana zuwa da rubutu iri uku. Wata kwalbar 41%, wata 480 g/L, wata 360 g/L. Manomi zai iya zaton mai 480 ta fi mai 360 ƙarfi, har ya yarda ya biya ƙarin kuɗi. Mu lissafa.

Nauyin litar wannan magani kimanin gram 1,170 ne, domin ya fi ruwa nauyi.
1,170 × 41 ÷ 100 = kimanin gram 480 a lita.

Ashe 41% da 480 g/L abu ɗaya ne. Wanda ya ninka 41 sau 10 ya ce gram 410, ya rage gram 70 a kowace lita, saboda ya manta da nauyin lita.

Saura 360. Ana haɗa glyphosate da wani sinadari ya zama gishiri domin ya narke a ruwa. Lambar 480 nauyin gishirin ne gaba ɗaya. Ainihin sinadarin da ke kashe ciyawa kimanin kashi 74 cikin ɗari ne na gishirin, wato kusan gram 360. Idan ka ga haruffan a.e. kusa da lamba, ainihin sinadarin ake nufi. Saboda haka sau da yawa kwalaben nan uku ƙarfinsu ɗaya. Idan za ka kwatanta farashi, ka kwatanta ainihin sinadari da ainihin sinadari.

Idan kuma kana son komawa baya:
Kashi cikin ɗari na nauyi = gram a lita ÷ nauyin lita a gram × 100
480 ÷ 1,170 × 100 = 41

6. Ƙarfin haɗin da ke cikin duro ko injin feshi

Bayan ka zuba magani kaɗan a ruwa mai yawa, haɗin ya kusa zama ruwa zalla, nauyin litarsa kilo ɗaya ne. Wannan yana sauƙaƙa lissafi:

1% = gram 10 a lita = 10,000 ppm
0.3% = gram 3 a lita = 3,000 ppm
0.1% = gram 1 a lita = 1,000 ppm
Miligram 1 a lita = 1 ppm

Haruffan ppm suna nufin kashi ɗaya cikin miliyan. Ka tuna cewa wannan sauƙi na haɗin da ruwa ya rinjaya ne kawai. Ba a amfani da shi ga maganin da ke cikin kwalba kafin a sirka, ko ga mai.

Misali na biyu: jiƙa irin citta kafin shuka. Cibiyar Binciken Kayan Yaji ta ƙasar Indiya da ke Kozhikode, a ƙasar da ta fi kowace noman citta a duniya, tana ba da shawarar a jiƙa irin citta a haɗin mancozeb mai ƙarfin 0.3% na tsawon minti 30, sannan a shanya a inuwa na awa uku zuwa huɗu. Idan takardar maganin da ka saya ko malamin gonarka sun ba da wani awo daban, nasu za ka bi. Hanyar lissafin dai ɗaya ce.

0.3% = gram 3 na garin a kowace lita
Bokiti mai lita 20: 3 × 20 = gram 60
Duro mai lita 200: 3 × 200 = gram 600

Idan garin 80% WP ne, sinadari mai aiki a kowace lita shi ne 3 × 80 ÷ 100 = gram 2.4, wato 2,400 ppm.

Ka kula da ɗigon da ke tsakanin lambobi. Wanda ya karanta 0.3% a matsayin 3% zai zuba kilo 6 a duro maimakon gram 600, wato ninki goma. Haka kuma ka sani cewa jiƙa iri ɗaya ne kawai daga cikin matakan kariya. Sai an haɗa da zaɓen iri mai lafiya, da gonar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta, da kauce wa maimaita citta a inda cuta ta ɓulla.

7. Gwangwanin madara da sauran ma'aunan gida

Manoma da yawa da gwangwanin madara suke aunawa. Babu laifi, muddin ka san abin da gwangwaninka yake ci. Gwangwanin da aka rubuta gram 170 a jikinsa, nauyin madarar da ke ciki aka rubuta. Madarar gwangwani ta fi ruwa nauyi kaɗan, litarta kimanin kilo 1.07 ce. Saboda haka cikar madarar ita ce 170 ÷ 1.07, wato kimanin mililita 160. Kamfanoni kuma suna fitar da gwangwanaye masu girma daban-daban.

Garin magani yana da iska a tsakaninsa, bai kai ruwa nauyi ba. A ce ka auna cikin gwangwani ɗaya na garin mancozeb ka sami gram 75. To, duron da ke buƙatar gram 600 gwangwani 8 zai ci. Wanda ya dogara da rubutun 170 kuwa zai zuba gwangwani uku da rabi, wato kimanin gram 260 na hakika, ƙasa da rabin abin da ake bukata. Zai jiƙa irinsa, ya shuka da kwanciyar hankali, alhali maganin bai kai ƙarfin da zai yi aiki ba.

Ga yadda za ka tantance ma'auninka:

1. Ka ware gwangwani ɗaya domin magani kawai, ka yi masa alama da jan fenti. Kada a sake amfani da shi wajen abinci ko ruwan sha.
2. Domin sanin cikarsa, ka yi ta zuba masa ruwa da sirinji mai mililita 20 kana ƙirgawa har ya cika.
3. Domin sanin nauyin gari, ka cika shi ba tare da dannawa ba, ka share bakinsa da tsinke ya yi daidai, ka ɗora a ƙaramin sikeli. Ka cire nauyin gwangwanin.
4. Idan babu sikeli, ka ɗauki ledar magani mai kilo ɗaya ka ƙirga gwangwani nawa za ta ba ka. Idan 13 ne, 1,000 ÷ 13 = kimanin gram 77.
5. Ka sake aunawa duk lokacin da ka canza magani, domin kowane gari da nauyin litarsa.

Yayin wannan aiki ka sa safar hannu ta roba, ka rufe hanci da baki, ka juya wa iska baya. Ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi ta sayi ƙaramin sikeli ɗaya da kofin awo mai layuka domin amfanin kowa.

8. Daga hekta zuwa injin feshi

Takardar magani takan ce lita kaza a hekta, kai kuma injin goyo mai lita 15, 16 ko 20 kake da shi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kimanin eka biyu da rabi. Da farko sai ka san yawan ruwan da kai da injinka kuke fesawa a hekta, domin saurin tafiya da bakin feshi sun bambanta.

1. Ka auna fili mai mita 10 a tsawo da mita 10 a faɗi a cikin gonarka.
2. Ka cika injin da ruwa zalla, ka fesa filin da irin tafiyar da ka saba.
3. Ka auna ruwan da ka ƙara kafin injin ya sake cika.
4. Ka ninka shi sau 100. Wannan shi ne ruwan hekta ɗaya.

Misali na uku. A ce ruwan da ya tafi lita 2 ne, wato lita 200 a hekta. A ce kuma takardar maganin ta ce lita 4 a hekta.
Lita 4 = mililita 4,000
4,000 ÷ 200 = mililita 20 a kowace litar ruwa
Inji mai lita 16: 20 × 16 = mililita 320
Inji mai lita 20: 20 × 20 = mililita 400

Idan maganin mai 360 g/L ne, ainihin sinadarin da ya sauka a hekta shi ne 4 × 360 = gram 1,440. Idan wata shekara ka sami wanda ainihin sinadarinsa 450 g/L ne, to 1,440 ÷ 450 = lita 3.2 ya ishe ka. Wanda ya ci gaba da zuba lita 4 yana zubar da mililita 800 a kowace hekta ba tare da buƙata ba.

9. Taki ma haka ne

Lambobin da ke jikin buhun taki kashi cikin ɗari ne na nauyi. Yuriya tana da kashi 46 na naitirojin, saboda haka buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. NPK 15-15-15 yana da kashi 15, wato kilo 7.5 a buhu.

Idan da mudu ko bokiti kake raba taki, ka sani cewa yuriya ba ta kai NPK nauyi ba. Litar yuriya kimanin gram 750 ce, ta NPK kuwa kusan kilo ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Bokiti mai lita 10 zai ɗauki kimanin kilo 7.5 na yuriya, amma kusan kilo 10 na NPK. Idan malamin gona ya ba ka awo da kilo, ka auna bokitinka da kowane taki daban kafin ka fara zubawa.

10. Awon da masu saye a ƙasashen waje suke yi

Ƙasashen da ke sayen amfanin gonarmu suna auna ragowar magani da miligram a kilo, wanda shi ne ppm a busasshen kaya. Kashi 1 ppm daidai yake da gram ɗaya a cikin tan ɗaya, wato buhu 20 masu kilo 50.

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari dichlorvos. Iyakar da ta amince da ita miligram 0.01 ce a kilo, wato gram ɗaya a cikin tan 100. An sami waken da ya kai miligram 4.6 a kilo, ninki 460 ke nan. Asarar ta shafi har manoman da ba su yi laifi ba.

Ita citta, ban da ragowar magani, ana auna ta saboda gubar aflatoxin da fumfuna ke haifarwa idan ba ta bushe da kyau ba. Iyakar Tarayyar Turai ga citta ita ce maikirogram 5 a kilo na nau'in B1, da maikirogram 10 a kilo na jimillar nau'o'in. Maikirogram ɗaya a kilo shi ake rubutawa ppb, kuma 1,000 ppb shi ne 1 ppm. Maikirogram 5 a kilo daidai yake da gram ɗaya a cikin tan 200. Ido ba ya ganin wannan, hanci ba ya jin sa. Saboda haka ka shanya cittarka a kan tamfol ko dandamali mai tsabta, ka tabbata ta bushe ƙayau kafin ka zuba a buhu, kada kuma ka ajiye ta kusa da magani.

Gwada kanka

1. Gram nawa na sinadari mai aiki ke cikin mililita 50 na maganin 10% w/v?
2. Takin ruwa yana da kashi 20 na naitirojin w/w, nauyin litarsa kilo 1.25. Gram nawa ke cikin lita?
3. Ana son haɗi mai ƙarfin 0.2% a inji mai lita 16. Gram nawa na gari za a zuba?
4. Miligram 0.05 a kilo ppb nawa ne?

Amsoshi: (1) gram 5, (2) gram 250, (3) gram 32, (4) 50 ppb.

Kammalawa

Kafin ka haɗa kowane magani, ka yi wa kanka tambayoyi uku. Lambar da ke jikin kwalbar ta lita ce ko ta kilo? Abin da nake aunawa da shi cika yake aunawa ko nauyi? Idan sun saɓa, mene ne nauyin litar wannan abu? Ka rubuta amsar da lissafinta a littafin gonarka, tare da sunan maganin da ranar feshi, domin baɗi ka san abin da ka yi.

Idan wata lamba ta shige maka duhu, ka ɗauki kwalbar ko ledar ka kai wa malamin gona mafi kusa da kai kafin ka buɗe ta. Matambayi ba ya ɓata.